Shekara Bakwai Bayan Baba: Yadda Geron Marayu Ya Koma Takarda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Haruna Mai Tiya, ɗan kasuwar hatsi a Mai'adua. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Dalili shi ne abin da ya kamata in rubuta ba yabo ba ne zalla, akwai nawa hannun a cikin labarin. Bana na ga jinkirin ya isa, domin abin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana ginawa ya zo ƙarshe a gabana.

Baba bai yi boko ba. Karatun allo ya yi, sai kasuwa, wadda ya shiga tun gemu bai fito masa ba. Mutum ne da ba ya gane magana sai an mayar masa da ita gero. Idan aka ce an ƙara wa ma'aikata albashi, tambayarsa ɗaya ce, tiya nawa sabon albashin zai saya. Ranar kasuwa kuwa, kafin ya buɗe rumfarsa sai ya ratsa ta wurin 'yan canji ya ji yadda ake sayar da jakar sefa, ko da ba shi da abin canzawa. Muna yara mun ɗauka son hira ne. Wata rana na tambaye shi, ya ce mini idan ya ga mutanen Nijar suna loda gero ba tare da sun tsaya jan ciniki ba, ya san kuɗinmu ne ba su da lafiya, ba geronmu ne ya yi kyau ba.

Abin da mutanen garinmu suka fi saninsa da shi ba kasuwancinsa ba ne, ƙungiyar da ya kafa ce. Tun kafin a haife ni wani dillalin hatsi abokinsa ya rasu, ya bar mata ɗaya, Inna Rabi, da yara biyar. Bayan 'yan watanni Baba ya hange ta da yamma, kasuwa ta watse, tana share ƙwayoyin geron da suka zube a gindin rumfuna tana tarawa a gefen zaninta. Kasuwa ta gaba ya tara 'yan'uwansa masu hatsi ya ce abin kunya ne a gare su. Suka yi yarjejeniya mai sauƙi. Da kaka kowa zai kawo buhu ɗaya a zuba a sito. Da bazara, idan hatsi ya yi daraja, a sayar da wani kaso, kaka ta gaba a sake saye da araha. Duk ɗan ƙungiyar da ya rasu, iyalinsa suna da buhu biyu a shekara, ɗaya gab da azumi, ɗaya a farkon damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Aka naɗa Baba ma'aji, kuma bai sauka ba har ya bar duniya.

A hannunsa abin ya girma. Gab da abin da zan ba da labarinsa sito na ɗauke da buhu ɗari huɗu, matan da ke karɓa sun haura ashirin.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya kai ni jami'a duk da surutun dangi, na karanta tattalin arziki, na samu aiki a Abuja a wani kamfani da ke juya kuɗin fanshon ma'aikata. Aikinmu shi ne mu karɓi abin da ake cire wa dubban mutane a albashi, mu nemi inda za mu zuba shi ya haihu kafin su yi ritaya. Mafi yawansa takardun gwamnati muke saye, wato mu ba gwamnati kuɗi na wasu shekaru tana biyan riba, idan wa'adi ya cika ta dawo da uwar kuɗin. A ofis an koya mana, mu ma muna koya wa na ƙasa da mu, cewa babu ajiyar da ta kai wannan aminci.

Shekara takwas da suka wuce na je gida hutu na tarar da Baba cikin damuwa. Iskar farkon damina ta yaye kwanon sito, ruwa ya shiga, buhu kusan talatin suka ruɓe. Ƙwaro kuma ya ci na can ƙurya. Shi kansa ciwon suga ya fara cinye masa ido, ba ya iya hawa kan buhuna ya duba kamar da. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya ce mini abin da ke hana shi sukuni shi ne wanda zai riƙe amanar nan bayansa. Sa'anninsa sun tsufa, matasan kuma kowa kansa ya sani.

Ni na kawo shawarar. Na ce a sayar da geron a sayi takarda. A lokacin an fito da wata iri wadda babu kuɗin ruwa a cikinta, ana kiranta sukuk. Gwamnati za ta gina hanyoyi da kuɗin, tana biyan masu takardar haya sau biyu a shekara, bayan shekara bakwai ta dawo da abin da aka zuba. Na ce masa takarda ba ta ruɓewa, ƙwaro ba ya cin ta, ba ta buƙatar mai gadi. Hayar kaɗai za ta sayi geron matan, har da saura.

Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce in zo in faɗa wa mutanen da bakina.

Har yau ina ganin taron nan. Dattawa kusan arba'in a kan tabarmi ƙarƙashin rumfar sito, ni kaɗai ce mace, Baba ya sa an ajiye mini kujera a gefensa. Na ga alfahari a fuskarsa, kuma ni ma ina jin kaina. Na yi bayani dalla-dalla. Suka yi tambaya a kan halasci, na kawo musu abin da malamai suka ce, hankalinsu ya kwanta. Sai Baba Ilu, aminin Baba tun suna samari, mutum mai ƙarancin magana, ya gyara zama.

Ya ce, "'Yata, na ji za su dawo mana da kuɗinmu bayan shekara bakwai. Abin da nake so in sani, ranar da suka dawo da su, buhu nawa za su saya?"

Na ce, "Baba Ilu, gwamnati ba ta taɓa kasa biyan irin wannan takarda ba. Ko kwabo ba zai yi ciwon kai ba."

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce to. Na san a lokacin cewa ba tambayarsa na amsa ba. Na san hauhawar farashi, a kanta na rubuta jarrabawa. Amma na ɗauka za ta riƙa tafiya a hankali yadda muka saba, kuma ban so in ce "ban sani ba" a gaban mutane arba'in, mahaifina na zaune.

Da aka zo yanke shawara kowa Baba yake kallo. Ya ɗaga hannu, saura suka bi. Baba Ilu bai ɗaga ba, bai kuma yi musu ba. A hanyar gida Baba ya ce mini, "Uwata, ni ban gane duka ba. Amma ai don ki gane abin da ban gane ba na kai ki makaranta."

Aka sayar da geron cikin kasuwa uku. Kaso mafi girma aka sayi takarda, sauran na ce a ajiye a wani ƙaramin banki da ke Daura, don a samu na hannu idan buƙata ta taso.

Shekarar farko komai ya tafi yadda na faɗa. Haya ta shigo a kan lokaci, aka sayi geron mata, har aka ƙara musu da man gyaɗa da sukari na azumi, abin da ba a taɓa yi ba. Baba ya riƙa faɗa wa duk wanda ya zauna da shi cewa 'yarsa ta sauke masa nauyi. A cikin wannan farin cikin ya kwanta jinya. Kwana tara ya yi a asibiti a Daura, ya cika ranar wata Talata da hantsi, ina riƙe da kofin da nake ba shi ruwa. Sau da yawa nakan gode wa Allah da ya ɗauke shi a wannan shekarar, sannan in ji kunyar godiyar.

Abin da ya biyo baya duk wanda ke ƙasar nan ya gani da idonsa. Aka rufe iyaka, kasuwar Mai'adua ta yi sanyi. Aka zo aka yi ƙarancin takardun kuɗi, mutum na da kuɗi a banki yana kwana da yunwa. Man fetur ya tashi, kuɗin mota daga Zango ko Dutsi zuwa kasuwa ya ninka, naira ta faɗi a gaban sefa faɗuwar da Baba bai taɓa gani ba a duk shekarun da ya yi yana gaisawa da 'yan canji. Hayarmu kuwa tana nan yadda aka rubuta ta ranar farko, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Tana zuwa a kan lokaci, sai dai abin da take saye ne yake ƙanƙancewa. Man gyaɗa da sukari suka fara tafiya. Buhu biyu ya koma ɗaya. Ɗaya ya koma rabi.

Baba Ilu ne ya karɓi riƙon ƙungiyar. Da ya ga inda aka dosa ya kira ni a waya ya ce ko za a iya fasa takardar a dawo da kuɗin a sayi hatsi tun da sauran dama. Na bincika. Don a shawo kan hauhawar farashi an yi ta ɗaga kuɗin ruwa, sababbin takardu suna biyan fiye da tamu nesa ba kusa ba. Wanda zai sayi tsohuwar takarda mai ƙaramar riba sai an karya masa farashi sosai. Na ce masa idan muka sayar yanzu za mu yi asara, gara mu jira wa'adi. Shawara ce daidai a bisa duk abin da aka koya mini. A cikin watannin da muka yi muna jira, gero ya ƙara ninkawa.

Ana cikin haka ƙaramin bankin nan ya fara wasa da mutane. Yau a ce babu kuɗi a ƙasa, gobe a ce na'ura ta lalace. Na zo daga Abuja muka tafi tare da Baba Ilu, muka tarar da ƙofa a garƙame da takarda manne a jiki cewa an karɓe lasisinsa. Mutane cike da bakin titi, masu shayi, masu ɗinki, wata tsohuwa da ta tara kuɗin Hajji shekara da shekaru tana zaune a kan dakali ba ta ko kuka. Baba Ilu ya sa na karanta masa takardar sau biyu. Bayan doguwar zirga-zirga da cike-ciken fom aka ba mu wani ɗan kaso. Sauran har yau ana cewa sai an sayar da kadarorin bankin.

Bara wa'adin takarda ya cika. Gwamnati ta biya, ranar da ta ce, ba ragin kwabo, kamar yadda na yi alkawari a gaban dattawa. Da aka haɗa da abin da aka ƙwato daga banki aka shiga kasuwa, kuɗin da aka samu daga sayar da buhu kusan ɗari huɗu bai sayi buhu sittin ba.

Ban san yadda zan yi wa Baba bayanin wannan ba da yana raye. Da ɓarawo ne ya fasa sito, da ya gane. Da ruwa ne ko ƙwaro, da ya ce ƙaddara, ya gyara kwano. Amma a nan babu wanda ya saci komai, babu wanda ya saɓa alkawari, kowa ya cika nasa, kuma geron ya tafi. Ina jin zai tambaye ni wa ya ci, domin a saninsa hatsi ba ya ɓacewa sai wani ya ci. Amsar da nake da ita ita ce duk wanda ya karɓi kuɗi masu nauyi ya biya da marasa nauyi shi ya ci, kuma babu kotun da ake kai wannan ƙara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan ba labarin ƙungiya ɗaya a bakin iyaka ba ne. Shi ne aikin da nake tashi in tafi kowace safiya. Kuɗin malamin firamare, da na ma'aikaciyar jinya, da na masinja, muna zuba su inda doka da hankali suka ce a zuba. Idan muka sayi takarda mai dogon wa'adi, hauhawar farashi ta cinye ta. Idan muka ajiye a banki, sai mu kwana muna sauraron wane ne ke tangal-tangal. Idan muka sayi hannun jari, kamfanonin su ma kukan dala da dizal suke yi. Ƙarshen shekara mu fitar da rahoto cewa asusu ya ƙaru, kuma ba ƙarya muka yi ba, lambobin sun ƙaru. A ɗakin taronmu mai sanyi na taɓa tambaya ko akwai wanda ya auna abin da ɗan fansho zai iya ci da wannan ƙaruwar. Shugaban sashenmu ya ce ba wannan aka ɗauke mu mu auna ba. Gaskiya ya faɗa.

Da na so in rufe labarin da cewa hanyar su Baba ita ce daidai, a koma mata a huta. Ko wannan ban samu ba. Buhunan nan da ba su kai sittin ba Baba Ilu ya saye su da kaka a kan tsada, ya gyara sito ya zuba, da niyyar a sayar da bazara kamar yadda aka yi shekara talatin ana yi. Sai farashin hatsi ya karye. Bazara ta zo gero na ƙasa da yadda aka saye shi, manoma na kukan abin da suka noma bai mayar da kuɗin taki ba. Duk wanda ya yi ajiya a kasuwar nan ya ji a jikinsa. Baba Ilu ya kira ni, muryarsa a gajiye.

Ya ce, "'Yata, naki ya ci mu, nawa ma ya ci mu. Ni yanzu ban san inda ake ajiye abu ya kwana lafiya ba."

Tun ranar taron nan bai taɓa ce mini "ai na faɗa" ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa, wataƙila da na samu sauƙi.

Watan jiya 'yan ƙungiyar da suka rage suka zauna. Ba su kai goma sha biyar ba. Shekara uku ke nan babu wanda ya kawo buhun kaka, kuma ba na ganin laifinsu, mutumin da ke auna wa gidansa rabin tiya ba za a ce ya kawo buhu ba. Matasan da ke kasuwar yanzu sun ce ba za su shiga abin da suka ga ƙarshensa ba. Aka yanke cewa a raba abin da ya saura ga matan a rufe ƙungiyar, siton kuma a ba da shi haya ga wani mai sayar da siminti.

Na je rabon. Matan sun kai talatin da ɗaya yanzu, domin mutuwa ba ta tsaya ba don asusu ya ragu, kuma mahaifiyata na cikin lissafin, ko da yake ta ce a ba wata nata. Kowace ta samu buhu ɗaya da 'yan tiyoyi. Baba Ilu ya yi musu bayani cewa wannan ne na ƙarshe. Babu wadda ta ɗaga murya. Wasu suka tambaya ko za a bar musu buhunan da babu komai a ciki, aka ce su ɗauka.

Inna Rabi ta tsufa ƙwarai, jikoki marayu huɗu take riƙo. Da ta gane ni sai ta kama hannuna da nata biyun.

Ta ce, "'Yar Alhaji ce? Allah ya yi miki albarka. Shekarar da kika sa hannu har mai da sukari muka sha. Ubanki ya gaya mana ke ce. Allah ya ba ki masu yi miki."

Na buɗe baki in gaya mata sauran labarin. Baba Ilu ya girgiza mini kai daga inda yake tsaye. Na ce amin, na taya ta ɗora kayan a kan babur.

Na daɗe ina auna abin da ya rage na Baba. Dukiyar da ya tara wa marayu ta tafi, ƙungiyar ta watse, rumfarsa wani ke ciki. Tunaninsa na auna komai da abin da ciki zai ci, ni da na fi kowa kusa da shi ban ɗauka ba sai da lokaci ya ƙure, kuma inda nake aiki babu gurbinsa. Abin da na iya samu shi ne yaran da suka girma da geron nan. A cikin 'ya'yan Inna Rabi akwai direba, akwai malamar asibiti, kuma babu ɗayansu da ya san daren da za a ce an kwanta ba a ɗora tukunya ba. Wannan ya riga ya faru, faɗuwar naira ba za ta koma baya ta ƙwace shi ba. Amma na baya ne. Jikokin nan huɗu da ke gidanta yau babu wani sito da ke jiransu, kuma ban ga wanda ke shirin gina musu ba, har da ni.

Matan nan talatin da ɗaya suna ambaton sunansa bayan kowace salla. Mafi yawansu sun haura sittin. Iyakar abin da ya rage masa a duniya ke nan a iya sanina, kuma yana raguwa duk shekara. Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi abin da ya yi da niyyar da ya yi shi, kada ya tambaye shi abin da ya biyo baya. Wannan ni za a tambaya.